Maigidana ɗan Nijar ne, shekararmu 12 da aure a Kano: ya zama ɗan Najeriya ko da saura?

Maman_Hanifa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani su taimaka min, abin ya tsaya min a rai. Maigidana haifaffen wani ƙauye ne kusa da Madarunfa a jihar Maraɗi. Tun yana saurayi ya shigo Kano, yana da rumfar atamfa da shadda, shekararsa 17 ke nan a garin. Ni kuma 'yar Kano ce gaba da baya. Aurenmu shekara 12, yara huɗu, duk a nan na haife su.

Satin da ya wuce ya je gida gaisuwar rasuwa. A hanyar dawowa aka tsayar da motarsu a wani shinge, aka ce kowa ya fito da shaida. Ya miƙa takardar NIN ɗinsa, sai aka tambaye shi garin haihuwa. Shi kuma mutum ne da bai iya kwana-kwana ba, ya faɗi gaskiya. Aka sauke shi, ya fi awa biyu a kan benci cikin rana da ledar kilishin da ya yo wa yara tsaraba a cinyarsa, sai da direba ya sa baki. Da ya ce musu ai matarsa 'yar Najeriya ce, ɗayan dariya ya yi masa. Tun da ya dawo ko abincin kirki ba ya ci.

Ashe duk zaman nan da muka yi auren bai mayar da shi ɗan ƙasa ba? Su yaran kuma 'yan ina ne?

Auwalu_Kwari
Wa alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki. Aure shekara 12 da 'ya'ya huɗu ai ya gama zama ɗan gida. Waɗancan na goro kawai suke nema.

Barista_Zazzau
@Auwalu_Kwari Malam Auwalu, a zumunce haka ne, amma a takarda ba haka ba ne, kada mu sa baiwar Allah ta saki jiki.

Maman Hanifa, bari in fara da mai daɗin. 'Ya'yanki 'yan Najeriya ne tun ranar da suka faɗo duniya. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, in dai ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Bai ce lallai sai uba ba. Ke kaɗai kin ishe su.

Shi maigidan ne maganarsa take da tsawo. Sashe na 26 ya buɗe ƙofar rajista ga macen da ɗan Najeriya ya aura. Macen fa aka ce. Namijin da ya auri 'yar Najeriya ba a ambace shi ba ko kaɗan. Da ke ce 'yar Maraɗin, shi kuma Bakano, da za ki iya nema ta dalilin aure. Tunda shi ne baƙon, auren bai ba shi wannan damar ba. Abin da ya rage masa ta fuskar nan shi ne sashe na 27, wanda kowane baƙo ke bi: zaman shekara 15 a ƙasa, halin kirki, gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi, sannan shugaban ƙasa ya amince. Ta ma'aikatar harkokin cikin gida ake nema.

NIN kuma ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana ba shi.

Maman_Hanifa
Innalillahi. To Barista ai ya wuce shekara 15 ɗin.

Barista_Zazzau
Ya wuce a bakinki da bakin maƙwabta. Tambayar ita ce da me zai nuna? Yana da katin izinin zama na 'yan ECOWAS? Rasit na haraji? Takardar haya mai kwanan wata? Yawancin 'yan uwanmu da ke shigowa ta Jibiya ko Maigatari ko Illela ba wanda ya taɓa buga musu hatimi, don haka ranar shigowarsu ba ta rubuce a ko'ina. A nan gizo ke saƙar.

Zee_Gwammaja
Tsaya in gane. Wato yayana in ya tafi Sin sayen kaya ya auro 'yar can, ita tana da hanya, ni kuma in na auri Bahaushe ɗan'uwana na Maraɗi mai salla a masallacin unguwarmu, shi sai ya jira shekara 15? Wannan wace irin doka ce fisabilillahi?

Hauwa_Majalisa
@Zee_Gwammaja ai an yi rigimar nan. Ranar 1 ga Maris 2022, lokacin gyaran tsarin mulki, 'yan majalisar tarayya suka yi watsi da ƙudurorin mata guda biyar, ɗaya daga ciki shi ne wanda zai ba mijin 'yar Najeriya damar zama ɗan ƙasa. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa a Abuja. Bayan mako guda majalisar wakilai ta ce ta janye matsayinta a kan uku daga ciki, har da wannan, za ta sake dubawa. Aka watse, wa'adin majalisar ya ƙare, sashen na nan yadda yake.

Malam_Sani_TW
Ni fa ban ga aibun dokar ba. Mace ke bin miji, ita ake kaiwa gidansa, ɗa kuma sunan ubansa yake amsawa. Tun ran gini tun ran zane. In aka buɗe wannan ƙofa, kowane baƙo sai ya nemi 'yar talaka ya ba da sadaki ya karɓi fasfo ya sake ta.

Zee_Gwammaja
Malam, to ita baƙuwar mace ba za ta iya yin haka ba ne? Ko yaudara ta maza ce kawai? Kuma a wannan auren da muke magana a kai wa ya bi wa? Shi ne ya baro garinsu ya zauna a nata.

Malam_Sani_TW
'Yata, ba faɗa na zo yi ba. Ra'ayina na faɗa.

Dan_Maradi_227
Salamu alaikum. Ni daga Maraɗi nike rubutu, kuma abin ga ya ba ni dariya ya ba ni haushi. Sarkinmu har gobe Sarkin Katsina aka ce mishi, don kakanninmu daga Katsina sunka taso bayan jihadi. Turawan Faransa da na Ingila sunka zo sunka ja layi a tsakiyar gonakin mutane, yau ga ɗan Madarunfa zaune bisa benci wai baƙo ne.

Amma @Malam_Sani_TW ka sani mu nan an gyara. A 2014 an canza dokar nasiyonalite, wato ta zama ɗan ƙasa, mace 'yar Nijar tana iya ba mijinta baƙo ƙasa kamar yadda namiji ke ba matarshi, kuma an yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Ba ranar ɗaurin aure aka ba ka ba, sai auren ya ɗan kwana biyu kuma an bincike ka. Sama ba ta faɗo ba. Maman Hanifa, diyanki ma suna da haƙƙin Nijar ta wajen ubansu, ya je jistis, wato kotu, ya fidda musu takardar nasiyonalite ya aje. Ba a san gobe ba.

Auwalu_Kwari
To ni abin da ban gane ba, da can ai ba a wannan tambaye-tambayen. Mun yi shekaru muna zuwa Maraɗi cin kasuwa ko katin makaranta babu a aljihunmu.

Dan_Maradi_227
Da kenan. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya abubuwa sunka canza. Nijar da Mali da Burkina sun fita daga CEDEAO, wadda kuke ce ma ECOWAS, a hukumance ran 29 ga Janairu 2025. Ita ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da kartidantite namu, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a bar mu mu shiga mu fita ba biza har sai an sake magana. Amma sanarwar Abuja daban, mai tsaye a bakin shinge daban.

Hajiya_Bronx
'Yar'uwa Allah ya kawo mafita. Bari in ba ku nawa, don masu zaton a ƙasar Turawa da an shafa fatiha sai a miƙo maka fasfo.

Maigidana yana da takardar Amurka tun kafin mu yi aure. Shi ya cike min fom ɗin da ake kira I-130, ya kuma sa hannu a wata takarda cewa cina da shana a wuyansa suke, gwamnati ba ruwanta. Da yake aurenmu bai kai shekara biyu ba lokacin da aka amince, girin kad na shekara biyu aka ba ni, mai sharaɗi. Cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare dole mu sake cike wani fom tare mu nuna har yanzu muna zaman aure. A nan aka kira mu intabiyu.

Ranar ba zan manta ba. Matar ta dube ni ta ce in faɗi cikakken sunan mijina. Ni da tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kama sunansa ba, ga shi kuma zaune a gefena! Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi. Ta sake tambaya. Na ga ta ɗauki biro ta fara rubutu. Shi ne ya taka min ƙafa ya ce da Hausa, ke faɗi mana, yau ba ranar kunya ba ce. Na faɗa da ƙyar kamar mai haɗiyar maɗaci. Ta tambayi ranar haihuwarsa, ta tambayi ɓangaren gadon da yake kwana, ta ce ina hotunanmu na yawon shaƙatawa. Hotunan biki muka kai, kuma a cikinsu duk ni ina cikin mata shi yana cikin maza, guda biyu ne kawai muke tare, ko a nan ma akwai tazarar mutum ɗaya a tsakaninmu. Abin da ya cece mu takardar haihuwar ɗanmu da takardar haya da asusun banki mai sunanmu mu biyu.

Bayan shekara uku da samun katin na nemi zama 'yar ƙasa. Ribar auren ke nan, sauran mutane sai sun yi biyar. Kuma sai da na yi jarrabawar Turanci da ta tarihin ƙasar kamar kowa.

Zee_Gwammaja
Wayyo cikina! Hajiya yau ba ranar kunya ba ce!

Sadiq_Yobe
@Hajiya_Bronx don Allah Hajiya, wani abokina yana can bizarsa ta ƙare, an ce masa akwai matan da ake biya a yi auren takarda. Yaya abin yake?

Hajiya_Bronx
Ɗana, ka ce masa ya rufa wa kansa asiri. Hukuncin auren bogi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ne da tarar da za ta iya kai dala 250,000. Wanda ya fi wannan muni, in aka taɓa kama ka da shi, ko daga baya ka yi auren gaskiya ba za a amince da takardarka ba har abada. Sannan matar da ka biya ta riƙe maka wuya, duk wata sai ta ƙara kuɗi, ba ka da bakin kai ƙara. Wani abu kuma da mazanmu ba sa son ji: Amurka mace ɗaya ta sani. Mai mata biyu a gida ba zai kawo ta biyun a matsayin mata ba.

Abba_Manchester
Ingila ma haka, mace ɗaya. Mu kuma nan kuɗi ne ke raba miji da mata. Kafin ka ɗauko iyalinka sai ka nuna kana samun fam 29,000 a shekara. Da 18,600 ne, a Afrilun 2024 aka ɗaga. Ta yi gwajin tarin fuka, ta ci jarrabawar Turanci, a ba ta wata 33, a sabunta da wata 30, sai ta cika shekara biyar sannan ta nemi zaman dindindin. Kowane mataki da kuɗinsa, ga kuɗin asibiti da ake karɓa tun gaba. Na san wanda matarsa ta haihu a Kaduna, sai da yaron ya fara tafiya kafin albashin uban ya kai ma'aunin.

Ummu_Jidda
Ku kuna ma da layin da za ku bi. A Saudiyya ɗan ƙasa ba ya auren baƙuwa sai ya samu izini daga hukuma tukun. Wanda ya ɗaura a ɓoye, auren ya halatta a addini amma takarda ba ta san da shi ba, kuma yaran ne ke shan wahalar. Ita kuma 'yar Saudiyya in ta auri baƙo, 'ya'yanta ba sa zama 'yan ƙasa kai tsaye, ƙasar ubansu suke bi, sai sun girma su nema. Akwai Hausawa a nan da kakanninsu suka zo aikin hajji a ƙafa, an haife su a Makka, ba su taɓa ganin Kano ba, amma har yau da igama, wato katin zaman baƙi, suke zaune.

Admin_Garba
Jama'a muna jin daɗin labaran, amma baiwar Allah Kano take zaune ba Bronx ba. A dawo kan tambayarta.

Zango_Kumasi
Admin ka yi haƙuri in ɗan saka ta Gana, tana da alaƙa. Tsarin mulkinmu na 1992 ya ba miji da mata duka damar rajista, sai dai an ƙara wa namiji sharaɗin cewa lallai a Gana yake zaune dindindin. Abin da ya sa na sa baki: kakana ya ba mu labarin 1969, zamanin Busia, da aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Mutanen zango da suka yi shekara talatin, da mata 'yan ƙasa da gidaje, suka sayar da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Gana irinta. Kowa a cikinsu cewa yake ai ni ɗan gida ne, kamar yadda Malam Auwalu ya faɗa a sama. Maman Hanifa, a nemi takarda tun ana zaman lafiya.

Baba_Yerwa
Gaskiyarka ɗan Zango. Mu da muka manyanta mun ga ta Shugaba Darman a 1980. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka ɗauke shi aka tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne. Sai da kotu ta dawo da shi. Mai kujera a majalisa ke nan, balle mai rumfar atamfa.

Uwar_Biyu_KD
Ni damuwata yaran ce. Barista ya ce 'yan ƙasa ne, na yarda. Amma ranar da babbar za ta nemi jami'a ko aikin gwamnati, takardar asalin ƙaramar hukuma za a tambaya, kuma a can garin uba ake tambaya. Ni mijina ɗan Kamaru ne, Allah ya ji ƙansa. Da na je nema wa ɗana, mai ba da fom ɗin ya ce in je Garwa a ba ni. Na yi sawu huɗu. Sai da yayana ya raka ni da takarda daga mai unguwa da dagaci sannan aka yi masa da garin mahaifina. Maman Hanifa, ki yi musu tun mahaifinki da yayyenki suna raye.

Maman_Hanifa
Allah ya ji ƙansa Yaya, ya raya abin da ya bari. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Hanifa aji ɗaya take a sakandare. Baba na nan da ransa, gobe zan je gida.

Barista_Zazzau
Na dawo daga kotu na ga an yi nisa. Abu biyu.

Na farko, tun kafin a kai ga maganar zama ɗan ƙasa, sashe na 32 ya ba da damar a ba mijin ko matar ɗan Najeriya matsayin baƙo na musamman mai cikakken izinin zama. A nan ba a bambanta namiji da mace ba. Ba zai yi zaɓe ba, ba zai riƙe koren fasfo ba, amma ba mai sauke shi daga mota. Za a nemi takardar aure, don haka in ɗaurin auren masallaci ne kawai aka yi aka raba goro da alawa aka tashi, ku je ku yi takardar shaida tun waliyyai da shaidu suna nan.

Na biyu, maganar Ɗan Maraɗi ce ta tuna min. Maman Hanifa, iyayen maigidan da kakanninsa huɗu, duk a Nijar aka haife su? Mutanen bakin iyaka da wuya a rasa ɗaya daga wannan ɓangaren.

Maman_Hanifa
Kakarsa ta wajen uwa 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Jibiya, aure ne ya kai ta can. Har yanzu suna zuwa biki da suna wurin danginta. Amma ta rasu tun kafin aurenmu.

Barista_Zazzau
To ai ga ƙofa nan kuna ta zagaye. Wannan sashe na 26 ɗin da ya manta da mazan aure, shi ne kuma ya ce baligin da aka haifa a wajen Najeriya, in ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne, yana iya yin rajista. Ba maganar shekara 15. Kai, in aka bi diddigi ma, ita surukarki 'yar 'yar Najeriya ce, akwai hujjar cewa ita kanta 'yar ƙasa ce ta haihuwa, shi ma haka. Kuma tunda Nijar ƙasarsa ce ta haihuwa, ba sai ya ajiye ta ba. Aikin shi ne tabbatar da asalin tsohuwar: dangi masu rai, dagacin garin, rantsuwa a kotu. Ku samu lauya ku zauna ido da ido, kada ku tsaya a kan abin da na rubuta a waya.

Zee_Gwammaja
Ikon Allah. Matarsa mai rai da 'ya'ya huɗu ba ta isa ta ba shi ba, sai kakarsa da ke kabari.

Malam_Sani_TW
Ai kin ga jini ya fi aure ke nan. Maganata ta fito.

Zee_Gwammaja
Jinin mace fa Malam, ta wajen uwa, sau biyu ma.

Dan_Maradi_227
Barista, in haka ne rabin Maraɗi 'yan Najeriya ne, rabin Katsina kuma namu ne. A ba mu Jibiya mu ba ku Ɗan Isa a huta.

Sadiq_Yobe
Barista ni ma tawa. Matata 'yar Diffa ce, mun rabu bara, yara uku suna wurinta a Gaidam. Ita yanzu ta rasa damar rajistar ke nan?

Barista_Zazzau
Ba ta rasa ba. Lafazin sashen ya haɗa da wadda take aure da wadda ta taɓa auren ɗan Najeriya, don haka sakakkiya da wadda mijinta ya rasu duk suna ciki. Sai dai a nemi shaidar cewa an yi auren, kuma a nan za ta buƙace ka. Ka taimaka mata don yaran.

Maman_Hanifa
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta masa duka da daddare. Ya yi dariyar labarin Hajiya har ya ce a zubo masa tuwo. Sai dai ya ce shi sunan kakar bai sani ba, Iya kawai suke ce mata, kuma sunan ƙauyen ma biyu yake kokwanto. Inna ce ta sani, ita kuma ba ta riƙe waya, sai an kira ƙaninsa ya hau babur ya kai mata. Wai ni zan tambaye ta don ta fi sakewa da ni. Yanzu ta ina zan fara ce wa surukata ta faɗa min sunan mahaifiyarta?

Uwar_Biyu_KD
Sa Hanifa ta tambaya. Jika ba ta da kunyar kaka.